Zuwa Kwatano Saboda Murjanin Likita

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A wurin mai shayi tambaya, a bakin masallaci tambaya, har a ajinmu na yaƙi da jahilci sai an tsayar da karatu an ce, "Malam Haruna, wai da gaske dutse ka je saya wa abinci a Kwatano?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin. Shekaranjiya na ji wai a jirgin ruwa na tafi. Malamarmu ta ce tunda hannuna ya fara faɗawa da rubutu, in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa. Wanda bai iya karatu ba ya zo aji, akwai sauran wuri a benci.

Sai na fara da Likita, don saboda shi aka yi tafiyar. Maiɗakina Lantana ƙanwarsa ce. Ya yi shekaru yana aiki a wani asibiti a Jidda, da ya ajiye aiki ya dawo gida Ikara. Ya sa aka haɗa masa tankin gilashi a falo, tsawonsa kamar ƙyauren ɗaki a kwance, ya cika shi da ruwan gishiri irin na teku, ya zuba kifaye masu launi. Amma ba kifin ne a ransa ba, murjani ne. Ni murjanin da na sani na wuyan mata ne. Ashe halitta ce mai rai, tana zaune a kan dutse tana fitar da rassa kamar ƙahon barewa, tana gina ƙashinta da wani sinadari da ke cikin ruwan, mai suna kalsiyam. In sinadarin ya yi ƙaranci sai ta daina girma, ta koɗe, ta mutu.

Kowace safiya Likita kan auna wani farin gari iri biyu ya narka ya zuba, shi kaɗai ya san awon. Ni nawa ɗauko ruwa da goge gilashi, in na taso daga gonar tumatir. Sai bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya daina aiki, ƙafar dama sai ja, harshe ya yi nauyi. Ba ya son talabijin, ba ya son 'yan dubiya. A ajiye masa kujera gaban tankin nan kawai, ya yini yana kallo. Farin garin nan ya ƙare, awon kuma yana cikin kansa ba ya fitowa. Murjani ya fara koɗewa, reshe ɗaya ya zama fari fat kamar alli.

Babban ɗansa Nafi'u ya zo daga Abuja ya duba. A gaban uban ya ce da ni, "Baba Haro, wannan abin wahala ce kawai. A kwashe shi, a sa gadon asibiti a wurin."

Likita ya juya fuska bango. Can ya juyo, ya yi ta kokawa da bakinsa har kalma ɗaya ta fito: "Riyakta." Ya sake faɗa. Nafi'u ya laluba a waya ya gano abin. Wata na'ura ce da ke yin aikin awon da kanta. Bututu ne na roba mai haske, a cika shi da tsakuwar mataccen murjani, a riƙa sakar masa iskar gas irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa. Iskar ta narkar da tsakuwar a hankali, ruwan ya riƙa ɗiga cikin tanki ɗauke da kalsiyam. Ya ce ya ga hotonta a wani shago a Legas, amma iri-iri ce, sai an kai musu ruwan tankin sun gwada kafin a zaɓa. Shi ba shi da lokaci.

"Na ba ku wannan damar," in ji shi. "In aka kawo bai yi ba, zan kwashe, kuma kada kowa ya yi mini magana."

Haka tafiya ta faɗo kaina, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba.

Kafin in ɗaura jaka labari ya zaga unguwa. Wannan atamfa, waccan man shafawa, wani tsoho kuma ruwan teku yake so a gora don ciwon ƙafa. Na ce wa Lantana ta samo mini gora mai murfi mai ƙarfi in ɗebi ruwan tankin. Ta shiga kicin ta fito da ita a ɗauraye. Na cika, na ɗaure bakin da leda, na sa a jaka.

Motar tumatir na bi, ta wani direba Ɗanliti, ni da shi a gaba da Alhaji Buba, wani dattijon dillalin kayan gwari ɗan Dandamisa. Ɗanliti ya rantse mini da mun tashi sai Legas. Muka tashi da safe, muka tsaya a Makarfi jiran kwanduna. Daga nan ya ce akwai ɗan saura a Hunkuyi. Har aka kira la'asar ban bar ƙasar da nake iya zuwa da keke ba. Ni mutum ne mai haƙuri, kowa ya shaida.

Abin da ya ɗan faranta mini a hanya shi ne alluna. Karo na farko ke nan da na yi doguwar tafiya ina iya haɗa baƙi. Matsalar ita ce kafin in haɗa rabin suna mota ta wuce.

"Malam Haruna, ina muke?" in ji Alhaji Buba.

"Mok…"

"To madalla. Sauran sai a dawowa."

A Jebba muka tsaya cin abinci da salla. Na je kama ruwa na bar jakata a kujera. Ina dawowa na tarar da Alhaji Buba a gefen taya yana kakari yana tofar da yawu, gorata a hannunsa. Goro ya ci, ya so ya kurkure baki.

"Kai, Haruna! Wannan ruwa ne ko miya? Gishiri har da kanwa-kanwa nake ji!"

"Alhaji, ruwan tankin Likita ne. Gwaji za a yi masa."

"To ka rubuta a jiki mana, ba ka ce ka iya rubutu ba?"

Dattijo ne, me zan ce masa? Na karɓi gorata, kusan rabi ya tafi. Na ga ruwan ya ɗan yi dishi-dishi, na ce jijjigar mota ce. Maganar kanwa kuwa ban sa ta a kai ba, don wanda ya cika baki da goro ba a tambayarsa ɗanɗano.

Legas ba zan tsaya kwatanta ta ba, hayaniya ce da aka yi wa gadoji. Muka sauka a kasuwar kayan gwari inda mutanenmu suke, aka ba ni tabarma a wani ɗaki saman rumfa. Zafi, sauro, da warin ruɓaɓɓen tumatir, wanda wataƙila ma daga gonata ya fito. Da safe aka kawo wake da aka dama ya yi laushi kamar fate, an zuba masa baƙin mai mai yaji, a haɗa da burodi. Ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma cikina ya yini yana ba ni labari.

Alhaji Buba ya raka ni shagon, don shi yana jin Turancin kasuwa. Muka shiga na yi sallama, na fara gaisuwa yadda aka koya mini tun ina yaro: an tashi lafiya, ya aiki, ya iyali. Ban kai ga gajiya ba mai shagon ya zare abin da ya toshe kunne da shi ya tambayi Alhaji me muke so. A garinmu ko akuya ka zo saya sai an tambayi lafiyar mutanen gida. Na nuna masa hoton da Nafi'u ya turo. Ya kalla ya yi dariya. Wai an daɗe da sayar da ita, hoton ne ba su cire ba. Yanzu kayan kifin ruwan daɗi kawai suke sayarwa. Amma akwai wata mata a Kwatano, Madam Selestin, ita ce ke da irin waɗannan kaya.

Na kira Nafi'u. Ya ce, "Ai Kwatano nan ne kusa, Baba Haro."

Na ce, "A waya kusa ne."

Da na so in juyo gida. Sai na tuna yadda Likita ya juya fuska bango. Alhaji Buba ya ce yana da mutum a can, Malam Garba ɗan Kudan, mai sayar da albasa a unguwar Zango. Ya kira shi, ya sa ni a motar iyaka.

A iyaka aka sauke mu aka duba katin shaida, aka buɗe jakunkuna. Wani jami'i mai jin Hausa ya ɗaga gorata ya kwance ledar ya shinshina.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ruwan gishiri ne, ranka ya daɗe."

"Daga ina?"

"Daga Ikara."

Ya kalle ni, ya juya ya nuna bayansa da baki. "Ga teku can. Kai kuma ka ɗauko ruwan gishiri tun daga Ikara za ka kai masa?"

Na yi bayani iya iyawata. Ya mayar mini da gorar a hankali, kamar yadda ake miƙa wa marar lafiya abu, ya ce in je Allah ya sawwaƙe.

Abin da ya fara ɓata mini rai a Kwatano alluna ne. Na sha wahala na koyi karatu da furfura a gemu, na zo garin da ko allo ɗaya ba na ganewa. Baƙaƙen su ne dai namu, amma in ka haɗa ba sa ba da komai, Faransanci ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa, sun fi fara yawa. Fetur kuma a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi kamar man gyaɗa. Teku na gan shi, tunda za ku tambaya. Ruwa ne mai yawa da ba ya zama wuri ɗaya. Na cika wa tsohon nan gorarsa na bar wurin.

Malam Garba ya karɓe ni kamar ɗan'uwa. Ya daɗe a can har Hausarsa ta fara gauraya. Bai bar ni na zauna ba sai da ya tambayi kowa na Kudan, wa ya rasu, wa ya yi aure, har yanzu ana noman rake a fadamar gidansu? Matarsa ta kawo wani abu kamar kafa a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da daƙaƙƙen barkono. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa yana yanka dasashi. Abarbarsu ce kawai zan yi wa shaida ko a gaban alƙali.

Washegari muka tafi shagon Madam Selestin. Muka isa da rana tsaka muka tarar a kulle. Garba ya ce haka suke yi, in rana ta take sai a rufe shago a tafi gida cin abinci da barci, sai wajen la'asar. Na ce, da ranar kasuwa? Ya ce kullum. Muka zauna a gindin wata bishiya muna jira, ina rungume da rabin gorata.

Da ta zo, babbar mace ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta buɗe muka shiga, sai na tsaya. Tankuna ne jere, murjani kore da shuɗi da ja, rassa sun cika ko'ina. Haka na Likita yake kafin ya kwanta.

Garba ya yi tafinta. Ta zuba ruwana a wata 'yar kwalba, ta ɗauko magani tana ɗigawa. Garba ya ce ruwan zai yi shuɗi, in aka ci gaba da ɗigawa ya juya ruwan ɗorawa, yawan ɗigon shi ke nuna ƙarfin ruwan. Ta ɗiga, ta ɗiga. Shuɗi. Ta ci gaba. Shuɗi. Ta sa tabarau, ta zubar, ta sake sabo. Har maganin ya yi nisa launi bai juya ba. Ta ajiye ta yi magana mai tsawo.

"Ta ce in da gaske wannan ruwan tankinku ne, da ko kifi bai rage ba," in ji Garba. "Ta ce me kuka zuba?"

Na rantse ban zuba komai ba. Ta ɗaga gorar ta duba gindinta a haske. Akwai wani laka-laka mai ruwan toka kwance a ƙasa. Garba ya sa yatsa ya lakato ya ɗanɗana. Ya kalle ni.

"Malam Haruna, kanwa ce."

Na fita waje na kira Lantana.

"Wace gora kika ba ni?"

"Lafiya? Ko gaisuwa babu?"

"Ina wuni. Wace gora kika ba ni?"

"Wadda nake jiƙa kanwa ce. Ai na ɗauraye ta."

"Ɗauraya ɗaya?"

"Yo gora ce fa, Malam, ba jariri ba. Kai ka ce mai murfi mai ƙarfi, ita kaɗai ce mai murfi a gidan. Ni ma tun da ka tafi a kofi nake jiƙawa."

Na tsaya riƙe da waya a bakin titin wata ƙasa. Na ratsa Najeriya daga sama har ƙasa ina rungume da ruwan kanwa, na ji haushin dattijo don ya kurkure baki da shi, na yi wa jami'i bayani a kansa. Na ce mata a gaida yara, na kashe.

Da Garba ya fassara wa Madam, ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ta ce su ma suna sa kanwa a miyar kuɓewa. Sannan ta ce ba komai, tunda ruwa ya ƙi magana, ni zan yi. Ta jawo mini kujera ta fara tambaya. Jarka nawa ke cika tankin? Wannan na sani, don a kafaɗata aka cika shi. Murjanin mai rassa ne ko mai laushi kamar naman kaza? Na nuna mata irinsa a tankinta. Wuta fa? Na ce muna da sola, amma batirin ya tsufa, wani lokaci kafin gari ya waye yakan ɗauke. Ta ɗaga yatsa ta ce wannan ita ce babbar magana. In wuta ta ɗauke injin juya ruwa zai tsaya, amma gas ba ruwansa da wuta, zai ci gaba da shiga. Ruwan cikin bututun ya yi tsami, in wuta ta dawo ya kwarara cikin tanki, murjani ya ƙone. Don haka kowace iri zan ɗauka, dole a haɗa da wani ɗan makulli na lantarki da ke toshe gas da kansa da zarar wuta ta tafi.

Ta jera mini guda uku a tebur. Babba mai bututu biyu, tsayinta ya kai ƙuguna, da kwamfuta mai rubutu da ke aika saƙo a waya. Matsakaiciya. Sai ƙarama mai bututu ɗaya, ba ta fi tsawon hannuna ba, ba rubutu ba komai, sai 'yar kwalba da kumfa ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, da ɗan abin murɗawa da ake ƙara kumfar ko a rage.

Na kira Nafi'u ta bidiyo na nuna masa. Ko kallon sauran bai yi ba.

"Babbar za ka ɗauko."

Madam ta ce a gaya masa babbar ta tankin otal ce, ta fi ƙarfin namu, saita ta zai yi wuya. Kuma kwamfutar tana da wani tsinke mai auna ruwan, da sai an riƙa daidaita shi da ruwan magani na musamman, in ya kauce zai riƙa ba da labarin ƙarya, ita kuma na'urar ta bi shi.

"Baba Haro, mahaifina ne fa," in ji Nafi'u. "A ce an je har wata ƙasa an ɗauko masa ƙaramar? Mutane su shigo su ga wannan 'yar abar? Kada a ce mun yi masa rowa."

Na gane shi sarai. A wurinmu in za ka yi wa uba abu, babba ake yi, ko rago ne ko riga. Ni ma da rigar ce da babbar zan ɗauka. Amma na kalli rubutun da ke gudu a fuskar kwamfutar nan, ko baƙi ɗaya ban kama ba.

Na ce, "Nafi'u, kai kana Abuja. Ni zan tsaya a gabanta kullum. Kumfa ina iya gani da idona. Wannan rubutun kuwa, in ta yi kuka ban san me take cewa ba, kuma daga Ikara zuwa wurin matar nan na auna shi da jikina. Ƙaramar zan ɗauka, da makullin."

Ban taɓa musa masa ba, duk da a hannuna ya girma.

"Shi ke nan. Amma ka tuna abin da na faɗa."

Ya kashe. Na mayar da wayar aljihu.

Madam ba ta bar ni na tafi ba sai da na harhaɗa na'urar na warware da hannuna har ta gamsu. Ta koya mini saita kumfa, da saita ɗigon da ke fita, da gwajin shuɗi da ruwan ɗorawa. Ta ce a fara a hankali, kada a yi gaggawa, murjani ba ya son a ba shi mamaki. Tukunyar gas kuma kada in saya a nan, ba direban da zai ɗauke ta a cike, in nema a gida wurin masu cika tukunyar kashe gobara, in tafi da kan nan mai agogo da ake ɗaura wa tukunyar in gwada kafin in karɓa. Da aka gama na ce wa Garba ya tambaye ta gyara. Ba ta gane ba, sai da ya yi mata bayanin cewa a wurinmu ko gyaɗa ka saya ana ɗan ƙara maka. Ta yi tunani, ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini wani ɗan zoben roba da bai kai kwabo ba. Na karɓa na yi godiya, a raina ina cewa wannan ko yaro ba zai karɓa ba.

A dawowa iyaka ta riƙe ni fiye da zuwa. Ban ga laifinsu ba. Ni ma in na ga mutum da bututu da wayoyi da agogon gas da buhun farar tsakuwa, sai na tsare shi. Suka zazzage komai a tebur.

"Wannan tsakuwar ta mece ce?"

"Mataccen murjani ne."

"Me za a yi da shi?"

"A narka a ba mai rai."

"Wato dutse za ka ciyar da dutse?"

"Kusan haka ne, ranka ya daɗe."

Ya kira abokan aikinsa su zo su ji. Na sake daga farko. Wata jami'a ta ce in nuna hoton tankin. Na nuna, Likita yana ciki a kujerarsa. Ta daɗe tana kallo, ta ce babanta ma haka ya yi fama, ta taya ni mayar da kayan cikin kwali. Kafin nan motar da na zo da ita ta gaji ta tafi, da atamfar mutane a ciki. Atamfar dai ta iso hannuna daga baya a tashar Legas, amma man shafawa har yau ana nema.

Ɗanliti na sake bi zuwa gida, kwali a cinyata tun daga Legas, ban yarda an sa shi a baya ba. Na iso na tarar wani reshen ya sake mutuwa. Likita ya kalli kwalin ya kalle ni. Gas sai da na je Kaduna. Aka ɗaura kan, iska tana tsiyaya ta gefe, mai cikawa ya ce ba zai zauna ba sai da zoben roba, kuma nasa sun ƙare. Na laluba aljihu na ciro gyaran Madam. Ya zauna daram. Na nemi gafararta daga nesa.

Na haɗa komai, na saita kumfa a hankali yadda aka koya mini. Nan sabon ciwon kai ya fara. In saita da safe in tafi gona, in dawo in tarar ta canza. Yau ta ragu, gobe ta ƙaru kaɗan. Na zargi jikoki, aka rantse ba sa shiga falon. Na zargi mai shara. Na fara zargin na'urar, ina cewa ko dai Nafi'u ne da gaskiya. Ga shi ya ce yana tafe ƙarshen wata.

Ranar da ya zo, tare muka shiga gidan, ni daga gona shi daga mota. Muka ɗaga labulen falo muka tsaya. Kujerar Likita ba kowa. Yana can gefen tankin, ya jingina kafaɗa da bango, ya tallafo hannun daman da na hagu ya ɗora shi a kan ɗan abin murɗawar. Yatsun suna rawa, suna zamewa, yana mayar da su. Idonsa a kan kwalbar kumfa. Mutumin da sai mutum biyu sun kama shi yake tashi.

Ya ji motsinmu ya waiwayo. Ya dube ni da fushi, irin na da.

"Ka… cika… sauri," in ji shi.

Na buɗe baki in ce yadda Madam ta koya mini ke nan, sai na rufe. Nafi'u bai motsa ba. Can ya taka a hankali ya je ya tsaya bayan uban, bai kama shi ba, ya dai tsaya kusa. Suka yi ta kallon kumfa tare. Da zai koma Abuja ya kira ni gefe. Na shirya jin maganar gadon asibiti. Sai ya ce, "Baba Haro, a ina ake cika gas ɗin nan? Zan riƙa biyowa da shi."

Murjanin bai gama farfaɗowa ba, waɗanda suka mutu sun mutu. Amma launi ya fara dawowa, kuma bakin rassa biyu ya fito da sabon tsiro. Ni kuwa yanzu kowace safiya in na gama gwajin ruwa, sai in ɗan murɗa abin nan ya kauce kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda ba zai cuci komai ba. In ɗauki fartanyata in fita. Ina kaiwa zaure nake jin ƙarar sandar Likita a kan siminti yana nufar tankin, da tsakin da yake yi mini.